Masu Zaman Daji: Mutanen Gamu da Tsuntsayensu Tun Zamanin Muniyo

Gamu ƙaramar hukuma ce a gundumar Gure, cikin jihar Damagaram, ba nisa da duwatsun Kutus, a daidai inda gonakin gero suke ƙarewa ƙasar kiwo ta soma. Ruwan da yankin ke samu a shekara bai cika yin nisa da milimita 300 ba, kuma cikin wata uku yake zuba ya ɗauke. A ƙasa irin wannan, sanin ranar shuka shi ne rabin noma. Wanda ya yi gaggawa rana ta ƙone masa tsiro, wanda ya yi nawa damina ta tafi ta bar shi da kara babu zangarniya. Shi ya sa tun kafin rediyo ya zo da labarin yanayi, manoma suke ɗaga kai su dubi babbar bishiyar tsakar gari. Da zarar shamuwa ta sauka ta fara jan ƙirare tana gyaran sheƙarta ta bara, an san lokacin sharar gona ya yi, masu binne kuma su fito da iri.

Shamuwa ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta. Yaron da ya ɗaga mata danƙo, kowane babba a gari yana da ikon tsawata masa. Ita ma tana biyan haƙƙin maƙwabtaka, domin fara ce babban abincinta, kuma a lokacin da take ciyar da 'ya'yanta ne fara ke ƙyanƙyashewa a gonaki. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar 'yan na'urori masu magana da tauraron ɗan Adam, suka bi sawunsu har gabashin Afirka, wajen Tanzaniya. Ashe tsuntsuwar da ke kwana a kan gawon ƙofar masallaci bin damina take yi daga wannan gefen nahiya zuwa wancan, ta ƙetare tsakiyar duniya sau biyu a shekara.

A biranen Turai, kallon tsuntsaye hutu ne. Mutum ya rufe ofis, ya rataya madubin hangen nesa, ya nemi inda babu hayaniya don zuciyarsa ta kwanta. A ƙasar Gamu da Kelle da Alakos abin ya girmi haka, kuma ta ƙofar aiki ya shigo. Akwai mutanen da sana'arsu ta tilasta musu zama su kaɗai a daji yini guda, ido a sama, kunne a buɗe. Natsuwar da baƙo ke biyan kuɗin jirgi ya zo nema, su a cikin aikinsu suka same ta, kuma daga wannan zama ne kusan duk abin da mutanen yankin suka sani game da tsuntsaye ya fito.

Na farkonsu yaro ne mai tsaron gona. Idan gero ya fitar da kai ya fara ido, sai jan-baki da 'yan'uwansa ƙanana masu ruwan ɗorawa su taso garke-garke daga ƙayoyin da suke kwana. A kafa wa yaro rumfa mai tsayi a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kusurwoyi, a rataya musu fasassun ƙwarya, daga baya gwangwanaye. Tun asuba yake hawa. Aikin ihu ne da jan igiya da wurga hoge da majajjawa, amma ɓarnar tana da lokutanta: da hantsi da kuma la'asar. Tsakanin nan, idan rana ta take, tsuntsaye su shige inuwa, gona ta yi tsit, yaro ya rage daga shi sai abin da idonsa ya gani. A nan yake koyon bambanta kukan kurciya da na hasbiya, ya gane cewa cilakowa ba ruwanta da gero, ƙwari take nema, ya lura da yadda ƙananan tsuntsaye ke yin ɗif idan inuwar shaho ta gifta. Ba wanda ya zaunar da shi ya karanta masa. Dattijon da yau zai ji kuka daga cikin sabara ya faɗi sunan mai shi ba tare da ya waiwaya ba, a kan wannan rumfa ya yi makarantarsa.

Makiyayi kuwa, Bafillace ne ko Batube ko Buzu, tsuntsaye ne masu kawo masa labari. Inda kurciyoyi suka dosa da yamma, can ruwa yake. Inda ungulaye suka yi ta kewaya a sama, can wata dabba ta faɗi, wataƙila ma tasa da ta ɓace jiya. Balbela na bin sawun shanu tana tsintar ƙwarin da kofato ya tayar, carki na kan doronsu yana cire kaska.

Wanda ya fi kowa zurfi a wannan ilimi shi ne maharbi. Maharban ƙasar Hausa da Borno suna da wata dabara da har yau ake ajiye kayanta a gidajen tarihi na duniya: kan burtu. Ko dai ainihin kan tsuntsun ne aka busar, ko itace aka sassaƙa aka rufe da fata. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar burtu na kiwo, har ya kusanci barewa ko tuje inda kibiya za ta kai. Dabarar ba ta ci sai ga wanda ya daɗe yana kallon burtu har tafiyarsa ta zauna masa a jiki: sau nawa yake taku kafin ya tsaya, yaya yake karkata wuya, yaushe yake yin kamar bai ga kowa ba. Barewa ba ta yafe kuskure. Maharbi kashewa ya fita yi, wannan gaskiya ne, amma sa'o'in da ya shafe a kwance ƙarƙashin magarya bai motsa ba sun ba shi sanin dajin da babu littafin da ya tara shi.

Akwai kuma masu shiga daji don Allah kawai. A ƙarni na 17, a gefen arewa na daular Borno, Shehu Abdullahi al-Barnawi ya tara almajirai a Kulumbardo, zawiyar da ta yi suna wajen zikiri da halwa har labarinta ya kai birnin Fas na Maroko, kafin harin da ya tarwatsa ta a 1677. Al'adar malami ya ware kansa a bayan gari da carbi da buta ba ta mutu da garin ba. Mai karatun Alƙur'ani kuma ya san cewa alhudahuda ne ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba, ya san surorin da aka sa wa sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Duban halitta da idon tunani yana da tushe a addinin mutanen wannan ƙasa tun kafin wani Bature ya iso.

Baturen da ya bar cikakken bayani a kan yankin shi ne Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim. Ya baro Kukawa a ƙarshen Nuwamban 1852, ya ratsa ƙasar Manga, ya sauka Gure a watan Disamba, inda ya gana da Muniyoma Koso, sarkin Muniyo, sannan ya wuce Damagaram. Ya rubuta labarin duwatsun Muniyo, da kwaruruka masu dabino da goriba a tsakanin tuddan rairayi, da tafkunan kanwa, da tagwayen tafkin Gidimuni. Wannan tafki na Gidimuni yana nan, kuma a 2019 an sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Da kaka da hunturu kirinjijiya da dinya da zalɓe suna haɗuwa a can da baƙin da suka ƙetaro hamada.

A zamanin Barth da bayansa, tsuntsun da ya fi kowane daraja a kasuwa shi ne jimina. Sarakuna suna yin mafici da takalma da gashinta, ana ɗora ƙwanta a ƙololuwar ɗaki da masallaci. Amma abin da ya sauya komai shi ne kwalliyar matan London da Paris. Daga shekarun 1870, lokacin Sarkin Damagaram Tanimun, gashin jimina ya zama ɗaya daga cikin manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kano da Damagaram, ta Damargu da Agadas da Gat, zuwa Tarabulus. Maharba suka bazu a dajin arewa, wasu ƙauyuka kuma suka riƙa kiwon jimina a gida ana figar ta. Gashin jiminar wannan yanki ya yi suna har gwamnatin Afirka ta Kudu, wadda manomanta suka mamaye kasuwar a lokacin, ta aiko tawaga ƙarƙashin Russell Thornton a 1911 don neman irin. Faransawa suka hana fitar da tsuntsayen daga ƙasar da ke hannunsu, amma tawagar ta tara abin da ta samu daga ɓangaren Kano, ta isa Cape Town a 1912 da jiminu kusan 140. Shekara biyu bayan haka yaƙin duniya ya ɓarke, yayin kwalliyar ya wuce, kasuwar ta rushe. Ayarin Tarabulus ma jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911 ya riga ya karya shi.

Bayan 'yan kasuwa sai masu tara samfuri. A 1920 Angus Buchanan, mutumin Sikotilan, ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu har Abzin, arewa maso yamma da ƙasar Gamu, yana tara tsuntsaye da dabbobi da malam-buɗe-littafi don gidan tarihin Lord Rothschild da ke Tring a Ingila. Ernst Hartert ya yi nazarin tsuntsayen, Rothschild da kansa ya yi na ƙwarin, aka buga sakamakon a 1921, kuma halittu da dama suka ɗauki sunan Buchanan. Kallon tsuntsu a wancan zamani da bindiga ake yin sa: a harbo, a feɗe, a cusa auduga, a ɗaura takarda a ƙafa. Aikin ya amfani ilimi, ba a musu. Sai dai duk wanda ya san daji ya san baƙo ba ya gano maɓoyar tuje ko mashayar jimina da kansa. Maharba da 'yan rakiya ne suka nuna hanya, kuma ba sunayensu aka liƙa wa tsuntsayen ba.

Malam-buɗe-littafi bai taɓa shiga kasuwa ba, shi ya sa tarihi bai kula shi sosai ba, alhali shi ne abokin zaman mai tsaron gona na kusa. Lokacinsa ƙarshen damina ne, sa'ad da ciyawa ta yi fure kuma laka ba ta bushe a bakin tabki ba. Farare masu baƙin zane a gefen fiffike, waɗanda kan taru da yawa a kan danshi, tsutsarsu ganyen anza da jiga take ci. Anzar nan ita ce dai wadda 'ya'yanta, dilo, suka riƙe rayukan mutane a shekarun yunwa bayan an jiƙa su kwanaki an zubar da ɗacin. Wani kuma ja-ja mai baƙin baki da ɗigon fari, wanda ke tashi a hankali ba ya tsoron kowa, a kan tumfafiya yake girma. Tsutsarsa tana shan dafin da ke cikin farin ruwan itacen ta adana a jiki, tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya sake marmarin na biyu.

Mafi ban mamaki a cikinsu wani ne mai ruwan ƙasa da ja, wanda nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Turawa sun daɗe suna ganin ya ɓace musu idan sanyi ya gabato, ba su san inda yake zuwa ba. A 2014 masu bincike biyu daga Basalona, Gerard Talavera da Roger Vila, suka bi sahel ta Senegal da Benin da Cadi da Habasha a ƙarshen damina, suka tarar da shi da yawan gaske yana hayayyafa. Binciken sinadaran fiffikensa ya nuna wasu a Turai aka haife su, wato sun ƙetare Bahar Rum da Sahara, tafiyar da za ta kai kilomita 4,000. Jikokinsu ne ke komawa arewa. Ƙasar Gamu tana cikin wannan ɗamara ta sahel da suke sauka, a daidai lokacin da yara ke kan rumfa.

Wannan zumunci tsakanin sahel da Turai, fari ne ya tona shi. A bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ke cika kowane shinge, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bincika, sai aka gane ruwa ne bai sauka ba a inda yake cin rani, kudu da Sahara. Alamar farko ke nan ta bala'in da ya kai ƙarshensa a 1973 da 1974, ya kuma dawo a 1984. A gundumar Gure dabbobi sun mutu, dazukan ƙaro sun bushe a tsaye, rairayin da ciyawa ta daɗe tana riƙe da shi ya tashi ya fara binne kwaruruka da gonaki. Mutanen da yunwa ta kora suka sare abin da ya rage don itace. Ƙananan tsuntsayen ƙaura kuwa a kan ƙayoyi suke rayuwa, gawo da kandili da aduwa, inda suke samun tsutsa da fure a tsakiyar rani. Bishiya ta tafi, su ma suka bi ta.

Manyan tsuntsaye sun fi shan wuya, kuma nasu ba fari kaɗai ba ne. Masanin Faransa Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. A wajen gandayen da ake tsaro, manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Jimina ta ɓace daga hanyar, tuje ya yi wuyar gani. Mota mai shiga rairayi da bindigar zamani sun yi cikin shekara talatin abin da kwari da baka ba su yi ba cikin ɗaruruwan shekaru. Garken jimina na ƙarshe mai yawa a Nijar, na Abzin, ya ƙare a rikicin shekarun 1990.

Ungulu kuma kasuwar tsibbu ce ke cin ta. Labari ɗaya ya isa misali. A 2013 aka ɗaura wa wata 'yar farar ungulu na'ura a dajin Dadia na ƙasar Girka, aka sa mata suna Paschalis. Ta tsallake teku da hamada ta sauka cin rani a jihar Damagaram. A farkon 2014 wani mai farautar ungulaye ya kashe ta don sayarwa masu neman sassan jikinta, na'urar kuma ta ci gaba da magana daga wani gida a Nijeriya. Irin wannan ungulu saura kaɗan ne a yankin Balkan, kowace ɗaya ana sane da ita. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa nau'o'i huɗu na ungulayen Afirka a jerin waɗanda ke bakin ƙarewa. Wanda ya girma yana ganin ungulu jere a kan katangar mahauta ya san ba ƙarya aka yi ba. Asarar kuma ta kowa ce, domin mushen da ungulaye za su share cikin sa'a guda yanzu kwana yake yi yana ruɓa kusa da rijiya, karnuka da ƙudaje suna ɗiba.

Duwatsun Kutus suna cikin wuraren da suka rage. A jikin tsaunukansu masu tsayi, inda hannu ba ya kaiwa, ungulaye na yin sheƙa har yanzu, farar da kuma babbar mai zanen ɓawon kifi a fiffike. Ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation da jami'an gandun daji na Nijar suna zagayawa lokacin ƙwai, su zauna nesa da madubi, su rubuta wace sheƙa ce ke da mai ita, wace ce ta fitar da ɗa. Zama ne na haƙuri irin na maharbi, sai dai littafi ne a hannu. Suna kuma zama da maharba da masu maganin gargajiya a kasuwannin yankin, tunda su ne suka san masu kawo kayan da masu saye. Can arewa maso gabas, gwamnati ta kafa gandun Tarmit da Tin-Tumma a 2012, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, kafin a sake shata iyakarsa a 2019 saboda rijiyoyin man fetur. A kewayen Gure kuwa mutane na kafa shingayen kalimbo a kan tuddai don tsayar da rairayi, kuma dabarar barin tsiron gawo ya girma a gona, wadda ta mayar da miliyoyin bishiyoyi a Magarya da Matamai da Mirya, ta nuna cewa ƙasa na iya farfaɗowa.

A Kelle, maƙwabciyar Gamu, akwai wani fili mai shinge inda ake kiwon jimina mai jan wuya, irin wadda Thornton ya zo nema. Ƙungiyar mutanen Kutus ce ke riƙe da wurin tare da Sahara Conservation da hukuma. Aikin yana tafiya a hankali. Ƙwan jimina kwana 42 yake yi kafin ya fashe, macen na kwanci da rana namijin da dare, ba kowane ƙwai ke da ɗa ba, kuma 'yan tsakin na mutuwa da sauƙi a makonnin farko. Masu gadin, 'ya'yan yankin ne, suna yini suna lura da wace ta ci, wace ta ƙi, wane namiji ne wuyansa ya yi ja alamar barbara ta zo. An riga an kai wasu 'ya'yan gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Sakin su a dajin Kutus kuwa yana jiran a daidaita da sarakunan gargajiya da makiyaya da maharba a kan inda za su yi kiwo, da rijiyoyin da za a raba, da wanda zai kai ƙara idan aka ga motar mafarauta ta shigo.